Wa Ya Amsa Wasiƙar Malama

Ranar Talata da hantsi aka tsinci wata malamar makaranta a bayan rumfar jiran bas da ke gaban asibitin yara, hannunta na dama a karye, leɓenta a fashe, kayan jakarta a watse a ƙasa. Mijinta ne ya yi mata haka a gaban mutane, ya shiga motarsa ya tafi. Wannan ba a yi gardama a kansa ba, masu sayar da lemo sun gani, 'yan sanda kuma sun kama shi kafin azahar. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne maganar da ta yi da ta dawo hayyacinta.

"Mutanen gidan mafaka ne suka ce in jira su a nan," ta ce wa nas ɗin da ke ɗaure mata hannu. "Su kaɗai suka san zan zo."

Gidan mafakar yana ƙarshen wani lungu, babu allo a ƙofarsa, ko maƙwabta ba duka suka san abin da ake yi a ciki ba. Mata goma sha ɗaya ne a ciki a lokacin, da 'ya'yansu, kowacce ta gudo daga hannun mai dukanta. Kafin la'asar labari ya iske su. Biyu suka ɗaure kayansu suka zauna a kai. Wata ta jawo gado ta tokare ƙofar ɗakinta da shi. Idan akwai mai sayar da sirri a cikin ma'aikata, to kowacce ta san saura ita.

Shugabar gidan, wadda kowa ke kira Auta, ta ɗauki waya ta kira yayanta.

*

Shekara talatin ya yi a gidan waya, a sashen da ke neman wasiƙun da suka ɓace, shi ya sa har yanzu ake ce masa Mai Sawu. Da ya yi ritaya ya ga wasiƙu sun koma cikin kwamfuta, sai ya bi su can. Kamfanoni kan kira shi idan saƙo ya tafi inda ba a aike shi ba. Mutum ne mai jinkirin magana, yana tafe da gilashi biyu, ɗaya a hanci ɗaya a aljihu, kuma kullum wanda ke aljihun yake buƙata.

Da safen Laraba ya hau matakalar ofishin ƙungiyar, wanda ke saman wani kantin magani a bakin titi, nesa da gidan mafakar. A kan matakalar ya yi kiciɓis da wani dattijo yana saukowa, yatsunsa baƙi ƙirin. Suka gaisa. Dattijon ya ce ya zo yi wa Auta jaje ne, Allah ya tona asirin wanda ya yi, ya wuce.

"Wane ne wancan?" ya tambayi ƙanwarsa.

"Kawu Tawada. Shi ke buga mana takardu tun kafin in karɓi gidan. Zauna, Yaya. Ka karya?"

"Na karya. Ke ce dai na ga ba ki yi ba."

Ta ture masa allon kwamfuta. "Na duba akwatin saƙonmu sau nawa. Babu wasiƙar matar nan. Ba mu san ta ba, ba mu taɓa jin sunanta ba. Amma ita ta rantse mu muka amsa mata, har da tambarinmu, har da sa hannun Sakatariya a ƙasa."

"Wa ke buɗe akwatin?"

"Ni da Sakatariya."

"To ku biyu ne abin zargi."

"Yaya!"

"Ai ba ni na ce ba, ke kika lissafo."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. Sannan ta rage murya, ta ce mai share ofis ta ga Sakatariya ranar Litinin tana goge saƙonni, da ta ji motsi kuma sai ta rufe allon da sauri.

*

Sakatariya ba ta kai talatin ba. Ta zauna a bakin kujera, ta rungume jakarta kamar wadda ke jiran a ce ta tashi ta tafi.

"Baba, in ka zo ne ka ce ni ce, ka faɗa kawai. Tun jiya babu mai amsa gaisuwata."

"Me kika goge ranar Litinin?"

Ya ciro gilashin aljihu ya goge ya mayar.

"Takardun neman aiki ne," ta ce. "Wani wuri nake nema. Shekara huɗu ina karanta abin da matan nan ke rubutowa. Wata ta ce an ƙona ta da dutsen guga, wata ta ce an kulle ta kwana uku. In na koma gida maigidana ya ɗaga hannu zai ɗauko kofi a kan kanta, sai in ji na sunkuya. Shi da bai taɓa ko daka min tsawa ba. Na gaji, Baba. Kunyar Anti Auta ce ta hana ni faɗa."

Mai Sawu ya buɗe wurin da saƙonnin da aka goge ke taruwa. Guda shida ne, duk zuwa wata makarantar koyon ɗinki da wani kamfanin sufuri. Ya bi tarihin akwatin wata shida baya, bai ga inda aka rubuta wa wata malama ba.

"Je ki wanke fuskarki," ya ce. "Maganar neman aiki ke za ki gaya mata da bakinki, ba ni ba."

*

A asibiti suka sami Malama a gadon da ke kusa da taga. Da ta ji ko wace ce Auta sai ta juya fuska ga bango.

"Ba na son ganinku."

"Kina da gaskiya, 'yata," Mai Sawu ya ce. "Ni ba ma'aikacinsu ba ne. Wasiƙar kawai nake so in gani."

Ta daɗe kafin ta miƙo wayar da hannun hagu. Amsar da aka yi mata tana nan, da lafazi mai sanyi. An ce mata kada ta ji tsoro. An tambayi unguwarsu, da sunan mijinta, da lambar wayarsa, wai don a san wanda za a kiyaye ta daga gare shi. An ce ta jira a rumfar bas ranar Talata ƙarfe goma, mota fara za ta zo.

"Mota fara ta zo," Malama ta ce. "Tasa ce."

Mai Sawu ya sauya gilashi ya kusanto da wayar. Ya san dabarar masu irin wannan aiki: su yi rajistar suna mai kama da na gaskiya, su sauya harafi ɗaya, ko su sa lamba a madadin harafi, ido ya wuce bai lura ba. Abin da ya zo nema ke nan. Ya fara bin adireshin harafi bayan harafi, sai ya ga ba ma kama ba ne. Suna ne daban ɗungurungum.

"Auta, me ake kiran ƙungiyarku?"

"Mafakar Aminci."

"To mene ne Sararawa?"

Ta karɓi wayar ta duba, sai ta nemi bakin gadon ta zauna.

"Tsohon sunanmu ne. Bara muka sauya, da muka haɗe da wata ƙungiya. Muka buɗe sabon shafi, sabon adireshi. Tsohon ya mutu."

"Wa ya ce miki ya mutu?"

Ya juya ga Malama ya tambaye ta inda ta samo adireshin. Ta nuna jakarta da haɓa. A cikin aljihun jakar, ƙarƙashin jan biro da alli, akwai wata 'yar takardar talla a ninke huɗu, shuɗiya. Ta ce a kan tebur ta ɗauka a asibitin yara, ranar da ta kai ɗanta rigakafi, wata biyu da suka wuce. Ta ɓoye ta a cikin littafin darasi, ta yi sati uku tana karantawa kafin ta iya rubutawa.

"Zan ara," ya ce.

"Ɗauka. Ni na gama da ita."

*

A mota ya yi wa ƙanwarsa bayani a taƙaice. Sunan shafi a intanet ba a sayensa har abada, haya ake yi, shekara-shekara. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, kamfanin rajista yakan ɗan jira, sannan ya mayar da shi kasuwa, kowa na iya ɗauka. Wanda ya ɗauka kuwa duk wasiƙar da aka aika wa sunan hannunsa za ta faɗa. Ba ya buƙatar fasa komai, ba ya buƙatar kalmar sirrin kowa.

"Ke nan ba a shiga akwatinmu ba."

"Ba a shiga ba. Kun tashi ne kun bar sunanku a rataye a ƙofa, wani ya shiga ya zauna."

Ya buɗe kundin rajistar a wayarsa. An ɓoye sunan mai sayen, kamar yadda kowa ke iya yi. Kwanan wata kaɗai ya bayyana: ranar da aka saki sunan, ranar aka ɗauke shi.

"Akwai masu injin da ke kwashe duk sunan da ya faɗo, su cika shi da tallar caca, ko su kwaikwayi banki da shi," ya ce. "Amma waɗannan ba sa zama su rubuta wa mace 'kada ki ji tsoro'. Wannan mutum ne da ya san ku, ya kuma zauna yana jiran ranar. Wa ya gina muku tsohon shafin?"

Auta ta ja numfashi. "Injiniya. Kuma ba mu rabu da daɗi ba."

*

Shagon Injiniya yana cikin layin masu gyaran waya, faɗinsa bai fi a miƙa hannu biyu ba. Bai tashi ba da ya ga Auta, ya dai tura wa Mai Sawu kujera da ƙafa.

"Na ji labari," ya ce. "Na san za a zo. Wanda aka kora ai shi ake fara tunawa."

"Ba korarka aka yi ba," Auta ta ce. "Sabuwar ƙungiyar ce ta zo da nata mutumin."

"Shekara bakwai, Anti, ko sallama ba a yi min ba."

Mai Sawu ya bar su suka gama, sannan ya ce, "Kai ka san ranar da sunan zai faɗi."

"Kowa ma zai iya sani, a buɗe take a kundin. Amma ni na yi abin da ya fi sani." Ya juyo da allon kwamfutarsa. Saƙo uku ne, duk zuwa ga Auta, wata guda tsakanin kowanne. Na ƙarshen gajere ne: Anti, ko kun daina amfani da sunan ku riƙe shi, akwai matan da shi suka sani.

Auta ta karanta, ta sake karantawa.

"Na gani," ta ce a hankali. "Na ɗauka aiki kake nema a mayar maka. Ban buɗe na ukun ba ma."

"Da ni ne na saya, zan yi ta roƙonki ki riƙe?"

"Mai wayo zai iya," Mai Sawu ya ce, "don ya nuna wa irina."

Injiniya ya yi dariya ba da son ransa ba. "To Baba, sai ka kama ni."

Mai Sawu ya buɗe shafin bogin ya nuna masa. Injiniya ya duba na ɗan lokaci, ya taɓe baki. Ya ce hotunan tsohon shafin aka kwafo daga ma'ajiyar intanet aka jera, aikin wanda ya iya tsara takarda ne amma bai iya gini ba. "Dubi yadda ya daidaita rubutun, gefe da gefe kamar da ma'auni. Ni ban taɓa damuwa da wannan ba. Amma maɓallan rabinsu ba sa aiki."

A hanyar komawa, da suka tsaya a danja, Auta ta juyo ta dube shi.

"Ni na karya mata hannu, Yaya."

"Mijinta ya karya mata hannu. Ke kin yi sakaci, wannan naki ne, ki riƙe shi. Kada ki ɗauki na wasu ki ƙara a kai, ba za ki iya tafiya ba, kuma akwai mata goma sha ɗaya da ke jiran ki."

*

Da yamma ta kai shi gidan mafakar don matan su ji daga bakinsa cewa ba a san inda suke ba. Bayan ya yi musu magana ya zauna a kicin, inda Inna mai girki ta ajiye masa shayi. Ita ce mafi daɗewa a gidan, tun zamanin marigayiyar da ta kafa shi. Ya shimfiɗa shuɗiyar takardar a kan tebur yana kallo, ba don yana tsammanin wani abu ba.

Inna ta leƙo ta kafaɗarsa, ta yi dariya. "Kai, takardar makafi! Ina ka samo ta?"

"Ta makafi?"

"Ba ka sani ba? Da aka bugo ta, maimakon a rubuta mafakar mata sai aka rubuta makafar mata. Marigayiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce a bar shi haka, wadda ke cikin wuya za ta gane. Shekara da shekaru muna tsokanar juna da shi. In na ƙona albasa sai a ce ai ba laifina ba ne, gidan makafi ne. Tawada kuwa kamar ya nutse. Sau nawa yana roƙo a bar shi ya sake bugawa, ta ƙi."

Mai Sawu ya sauya gilashi. "Inna, karanta min layin nan."

Ta sunkuya, ta bi da yatsa. "Mafakar mata." Ta ɗago. "A'a. Wannan daidai ne."

"Akwai sauran tsofaffin a gidan nan?"

Akwai. Da su ta shimfiɗe ƙasan durowar cokula. Ta zaro ɗaya, duk mai ya taɓa ta. Ya ajiye su gefe da gefe. Launi ɗaya, girma ɗaya, tambari ɗaya. Tsohuwar ta ce makafar mata, kuma a ƙasanta akwai lambar wayar ofis. Ta Malama ta ce mafakar mata, babu lambar waya, sai adireshin intanet kaɗai. Ya ɗaga ta wajen hasken taga. A gefen hagu, daga sama har ƙasa, akwai wani siririn layi kamar gashi, wanda babu shi a tsohuwar.

Ya ce Auta ta kawo masa takardar sabon suna, cikin waɗanda aka bugo musu bana. Ya ɗaga ita ma. Layin yana nan, a gefen hagu, daga sama har ƙasa.

Ya shanye shayinsa, ya yi wa Inna godiya.

*

Ranar Alhamis ƙarfe biyu suka taru a ofis: Sakatariya, Injiniya, Inna, da Kawu Tawada, wanda aka ce masa ana son shawararsa kan sabuwar takardar gargaɗi. Wata 'yar sanda mai muƙamin sajan ta zauna kusa da ƙofa da littafinta a cinya. Auta ta tsaya jikin taga.

"An zargi Sakatariya saboda sa hannunta," Mai Sawu ya fara. "Sa hannunta yana ƙasan duk wasiƙar da ta taɓa fita daga nan, kowa na iya kwafa. An zargi Injiniya saboda ya san ranar da sunan zai faɗi. Amma sayen sunan kaɗai ba ya kawo wasiƙa. Tsofaffin takardun sun ƙare a gari tun bara. Sai an sa sunan a gaban matan kafin su rubuto. Wani ya sake buga tsohuwar takardar, ya cire lambar waya don kada wata ta kira ofis, ya bi asibitoci yana ajiyewa."

Ya jera takardun uku a kan tebur.

"Baƙo zai kwafi abin da ya gani ne, da kuskurensa da komai. Wannan ya gyara kuskuren. Kawu, injinka ya sami rauni bana, ko? Yana barin layi a gefen hagu."

Kawu Tawada ya dubi takardun. Bai taɓa su ba. Ya ɗora baƙaƙen yatsunsa a kan gwiwoyinsa.

"Tun watan biyu," ya ce. "Na sa a kawo min sabuwar gangar injin, ba ta iso ba."

Inna ta dafe ƙirji. Sakatariya ta fara kuka ba sauti.

"Shekara goma sha biyar, Kawu," Auta ta ce. "Kai ka ɗauki gawar marigayiya da mu."

"Ina 'yata?" ya ce, bai ɗago ba.

Inna da Auta suka dubi juna, Mai Sawu ya gane su biyun sun san abin da shi bai sani ba.

"A shagona ta ɗauki takardar," dattijon ya ci gaba. "Da hannuna na buga ta. Sau uku tana zuwa gida da kumburarriyar fuska, sau uku ina mayar da ita, ina cewa ta yi haƙuri, haka aure yake. Na huɗun ba ta zo wurina ba. Shekara shida yanzu. Jikokina biyu, ƙaramar ban san muryarta ba. Uwarta ta rasu tana tambayarta. Na san ta nan ta bi, ban taɓa tambaya ba don na san ba za ku faɗa ba. Da kika ce min in cire tsohon adireshi, kun bar shi, sai na ce a raina, ita wannan sunan ta sani. Wata rana za ta rubuto ta gaishe ku, in ga inda take."

"Ta rubuto?" Mai Sawu ya tambaya.

"Ba ta rubuto ba. Wasu ne suka rubuto, biyu, uku. Ina karantawa ina ganin iyayensu, ina cewa ga wani tsoho nan zai zauna kamar ni. Sai na ce bari in kira mazan, su je su ba da haƙuri tun kafin a yi nisa. Na farkon sun koma gida tare. Na ɗauka gyara na yi. Shi ne na ƙara buga takardun."

"Ka san halin da take ciki yanzu, ta farkon?"

Dattijon ya kau da kai.

"Malama ta rubuta maka abin da mijinta ke yi mata," Mai Sawu ya ce. "Na karanta. Kai ma ka karanta, ka ɗauki waya ka kira shi."

"Ya rantse min magana kawai zai yi."

"Surukinka ma ya rantse maka, sau uku," Inna ta ce. "Ni na yi wa 'yarka wanka ranar da ta zo, ba ta iya ɗaga hannu. Tana nan da ranta, tana lafiya, yaran suna makaranta. Abin da za ka samu ke nan daga gare ni."

Dattijon ya rufe fuska da hannuwansa. Sajan ta miƙe, amma Auta ta ɗaga mata hannu.

"Kawu, dube ni. Akwai wata da ka ba lokaci?"

Ya sauke hannuwansa ya ce, "Yau. Ƙarfe huɗu, a bencin gaban ɗakin karatu. Tun Litinin na gaya wa mijin. Da na ji abin da ya faru na rubuta mata kada ta zo, amma da wayar maƙwabciya take rubutu, ba ta gani ba. Na yi niyyar in je da kaina in tsaya."

Mai Sawu ya dubi agogon bango. Uku saura kwata.

"Rubuta wa Sajan sunan mijin da lambarsa da kalar motarsa," ya ce. "Sannan ka ba Injiniya kalmar sirrin akwatin. Duk wadda ta taɓa rubutowa, yau za a neme ta."

*

Mijin ya riga kowa zuwa. 'Yan sanda biyu suka same shi a cikin mota a kwanar titin, suka tafi da shi yana ta faɗin matarsa ce, ina ruwan wani. A ƙarƙashin kujerarsa aka sami guntun bututun ƙarfe.

Mai Sawu ya tsaya a tsallaken titi wajen mai sayar da jarida, don kada ta ga namiji ta juya. Auta ta zauna a ƙarshen bencin ita kaɗai.

Huɗu ta wuce da minti goma, da ashirin. Sai ga wata mata ta fito daga lungun gefen ɗakin karatun, goye da jaririya, riƙe da baƙar leda, silifas ɗinta ba iri ɗaya ba. Ta tsaya nesa kaɗan tana duba motocin da ke wucewa.

"Ke ce kika rubuto?" Auta ta ce, ba ta tashi ba.

Matar ta ja baya taku ɗaya. "An ce mota za ta zo."

"Wanda ya ce miki haka ba mu ba ne. Wani ne ya riƙe tsohon adireshinmu, ya kuma gaya wa mijinki za ki zo nan. Mijinki yana hannun 'yan sanda yanzu. Ni ce shugabar gidan. Laifina ne da wasiƙarki ta faɗa hannun wani, ba zan ɓoye miki ba."

Matar ta duba hagu, ta duba dama. Jaririyar ta motsa, ta jijjiga ta ba tare da ta sani ba.

"To ke ma ta yaya zan san ke ce?"

Auta ta buɗe baki za ta ambaci katin aikinta, da tambarin da ke kansa, sai ta fasa.

"Ba ki da yadda za ki sani," ta ce. "Ga ofishin 'yan sanda can bayan gidan mai, in kina so mu taka tare ki tambaya. In kina so ki kira wani naki, ga wayata. In ba kya son ko ɗaya, ina nan zaune. Ba inda za ni."

Matar ba ta karɓi wayar ba, ba ta kuma tafi ba. Can ta zo ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta kwanto jaririyar ta ba ta nono, ledar tana maƙale a tsakanin ƙafafunta. Bas ya tsaya ya tashi, wani ya tsaya ya tashi. Ma'aikacin ɗakin karatu ya fito ya fara rufe tagogi. Mai Sawu ya sayi jaridar da ya riga ya karanta a tsaye, don mai ita ya fara hararar sa.

Wajen biyar da rabi jaririyar ta yi barci. Matar ta miƙe ta gyara goyo, ta ɗaure zanen da kyau. Ta dubi Auta ta daɗe, sannan ta tura ledar da ƙafa zuwa wajenta.

"Riƙe min wannan, Anti," ta ce. "Hannuna ya gaji."